Rairayin Seshel na kowa ne, amma hanyar zuwa a hannun wa take?

Malam Habu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wani al'amari game da Seshel, ƙasar nan ta Afirka da ke cikin Tekun Indiya, wadda hotunan bakin tekunta suka cika wayoyin mutane. Tsibirai 115 ne, amma kusan dukkan jama'ar ƙasar, waɗanda ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba, suna zaune ne a guda uku: Mahe inda babban birni Biktoriya yake, sai Praslin, sai La Digue. Abin da ake faɗa wa duk mai shirin zuwa shi ne, a dokar ƙasar babu bakin tekun da yake mallakar wani, rairayin na kowa ne, da ɗan ƙasa da baƙo. To amma da mutum ya fara bincike sai ya tarar cewa Anse Source d'Argent, wanda ya fi ko'ina suna a La Digue, sai an biya kuɗi a ƙofar gandun L'Union kafin a isa gare shi. Anse Georgette da ke Praslin kuwa hanyarsa ta ratsa harabar wani babban otal mai filin wasan golf, sai ka buga waya tun da wuri an rubuta sunanka, kuma akwai adadin mutanen da suke bari su shiga a rana. Akwai ma tsibirai sukutum, irin su North da Fregate, da otal ɗaya ya riƙe kowannensu, kwana ɗaya a can dubban daloli ne. Tambayata ita ce: idan doka ta ce wuri na kowa ne, amma mai gadi ne yake yanke wanda zai shiga, me ya rage na wannan doka ban da tawada a takarda?

Hajiya Rabi:

Wa alaikumus salam Malam. Tambayar tana da kyau, sai dai ka tattaro wuraren da ake takaddama a kansu ka jera su kamar su ne ƙasar duka. Mafi yawan bakin tekun Mahe babu ƙofa babu mai gadi, mota ce za ta sauke ka a gefen titi, ka taka 'yan matakai ka ga ƙafarka cikin yashi. Beau Vallon shi ne babban misali. Otal-otal suna jere a bayansa, amma wanda ya je ranar Lahadi da rana zai ga masu wurin na gaskiya: iyalai sun zo da tukwanensu da akwatunan ƙanƙara, sun shimfiɗa zannuwa a inuwar bishiyoyin takamaka, maza suna gasa kifi a kan gawayi suna shafa masa barkono da tafarnuwa, tsofaffi sun kafa tebur suna buga domino da ƙarfi har kana jin ƙarar daga nesa, samari kuma suna ƙwallo a jiƙaƙƙen yashi inda ruwa ya janye. Baƙon da ya biya kuɗi mai yawa a otal yana kwance a kujerarsa, ɗan masunci yana gudu ta gabansa yana watsa masa yashi, kuma babu wanda ya isa ya kore shi. Motocin bas na gwamnati, shuɗaye, suna kai mutum kusan ko'ina a tsibirin da kuɗi kaɗan, in dai zuciyarka za ta jure yadda direbobin suke shan kwana a kan duwatsu.

Game da L'Union kuma, kuɗin da ake karɓa na shiga gandun ne, tsohuwar gonar kwakwa da banila ce wadda aka bar ta da wurin matse man kwakwa da tsohon gidan mai gona da maƙabartar mutanen farko da garken manyan kunkuru. Kuma 'yan ƙasa ba sa biyan abin da baƙo yake biya a irin waɗannan wurare.

Injiniya Bala:

Hajiya, da girmamawa, wannan amsar ita ce ainihin abin da Malam Habu yake kuka a kai. A ce kuɗin na gandu ne ba na rairayi ba, alhali hanya ɗaya mai kyau zuwa rairayin ta cikin gandun ta bi, ai an ɗaure ka ne da igiyar da ba a kira ta igiya ba. Kowa ya san cewa a cikin mutum goma da suke biya a wannan ƙofa, ba banila suka zo kallo ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa mashaya ta kowa ce, amma ranar da manoma suka nome burtali har bakin rafi, to mashayar ta zama ta mai gonar ƙarshe, ko da sarki bai taɓa ba shi ita ba. Haƙƙin isa wuri wani ɓangare ne na haƙƙin wurin. Ƙasar da take son dokarta ta yi aiki sai ta auna hanyar jama'a zuwa kowane bakin teku, ta sa ta a taswirar filaye, ta kafa alama, kuma ta rubuta a cikin izinin gina kowane otal cewa wannan hanya ba ta rufuwa, ba da dare ba, ba da rana ba, ba kuma don wani babban baƙo ya sauka ba.

Dakta Zainab:

Ina roƙon a raba abu biyu da ake neman cakuɗawa, wato bakin tekun da otal ya tare hanyarsa, da gandun da aka keɓe don kare halittu. A na biyun ni ina goyon bayan karɓar kuɗi ɗari bisa ɗari, kuma zan faɗi dalili.

A tsakiyar Praslin akwai wani kwari da ake kira Vallée de Mai, faɗinsa bai kai kadada 20 ba, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1983. A nan ne babban kurmin koko-de-mer yake, bishiyar da irinta ya fi na kowace shuka girma a duniya, ƙwallo ɗaya yana iya kai kilo 20 ko ya ɗara. Asalinta a Praslin da maƙwabciyarta Curieuse kaɗai take tsirowa. Akwai namiji akwai mace, bishiyar tana shafe shekaru ashirin zuwa sama kafin ta fara haihuwa, ɗan kuma yana ɗaukar shekara shida zuwa bakwai a jikinta kafin ya nuna. Ku lissafa da kanku: ɓarawo ɗaya da adda a dare ɗaya zai iya kwashe abin da aka yi shekara bakwai ana jira, kuma ana satar, domin akwai masu sayen ƙwayar ciki da tsada a kasuwannin Asiya. Shi ya sa duk ƙwallon da aka sayar bisa ƙa'ida yana da lamba da takardar izinin fita da shi. Masu gadin da suke kwana a kurmin, da masu lura da gobara a lokacin rani, da masu ƙirga baƙin aku na Seshel wanda a wannan kurmi yake sheƙa, duk albashi suke karɓa. A wannan kwari ne ma Janar Gordon na sojan Ingila, wanda aka kashe a Khartoum a 1885, ya tsaya a 1881 ya dage cewa ya gano lambun da Annabi Adamu ya zauna, maganar da masu tallar yawon buɗe ido ba su gaji da maimaitawa ba har yau.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kuɗin ƙofar wannan ƙaramin kwari ba a nan kaɗai yake tsayawa ba. Gidauniyar Tsibiran Seshel, wadda aka kafa a 1979, ita ce take kula da Vallée de Mai da kuma Aldabra, wani zoben tsibiran murjani da ke nesa da Mahe da fiye da kilomita 1,000, inda manyan kunkuru sama da 100,000 suke rayuwa. Aldabra ba ta samun baƙin da za su riƙe ta, ga nisa, ga tsadar kai abinci da mai ga 'yan ma'aikatan da ke tashar bincike. Saboda haka baƙon da ya biya a Praslin ya yi yawon awa biyu a ƙarƙashin ganyayen da suke rufe sama, shi ne yake ciyar da mai gadin wurin da ba zai taɓa gani ba. Ni ban ga zalunci a wannan ba.

Ga kuma tsibirin Cousin. A 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya ta saye shi lokacin yana gonar kwakwa, saboda wani ƙaramin tsuntsu mai waƙa da ya rage 26 kacal a duniya. Aka bar daji ya dawo, aka hana ɓeraye shiga, har tsuntsun ya yi yawan da aka riƙa ɗiba ana kai wa wasu tsibirai, yanzu dubbai ne. Jirgin baƙi ba ya taɓa gaɓar Cousin, ma'aikatan wurin ne suke zuwa da nasu ƙaramin jirgin su ɗauke ka, don kada ɓera ɗaya ya biyo kaya. Idan aka ce wannan rairayin ma na kowa ne, kowa ya sauka yadda ya ga dama, shekara nawa kuke jin tsuntsayen za su yi?

Ɗan Zongo:

Gaisuwa daga Kumasi. Mu a nan sunan Seshel ba da shaƙatawa muka fara jin sa ba. Can ne Turawan Ingila suka kai Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1900, bai dawo gida ba sai 1924, kuma can ne Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci Asante a yaƙi da Turawan, ta rasu a 1921 ba ta sake ganin ƙasarta ba. Na kawo wannan ne don in ce wanda ya je kada ya ƙare a kwance a yashi kawai. A cikin gandun Morne Seychellois, a kan hanyar dutse da ake kira Sans Souci, akwai kangon Venn's Town, makarantar da 'yan mishan suka buɗe a shekarun 1870 don 'ya'yan bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku aka sauke su a tsibirin. Jikokin irin waɗannan mutane, da na bayin da Faransawa suka kawo tun bayan 1770, su ne mafi yawan masu gasa kifin da Hajiya ta gani a Beau Vallon. Idan ana maganar wa ya cancanci shiga bakin teku ba tare da roƙo ba, a fara da su.

Malam Habu:

Dakta, na karɓi rabuwar da kika yi, kuma a kan Vallée de Mai da Cousin ba ni da ja. Inda kuɗin yake komawa ga mai gadi da tsuntsu, a karɓa. Amma otal ɗin da ya ce mutum kaza kawai zai wuce ta harabarsa a rana, wane tsuntsu yake karewa? Natsuwar baƙinsa yake karewa, kuma da dukiyar jama'a yake ƙara wa ɗakunansa tsada. Su kansu mutanen Seshel ba su ɗauki wannan da wasa ba. A 2017 an yi gangami a kan Grand Police, wani bakin teku da fadama a ƙarshen kudancin Mahe da aka so a gina babban otal, mutane suka yi tattaki suka sa hannu a takardun koke har gwamnati ta janye aikin. A 'yan shekarun nan ma hayaniya ta tashi a kan tsibirin Assomption, maƙwabcin Aldabra, inda masu zuba jari daga Katar suka fara gina wurin hutu na alfarma, masana suna ta gargaɗi cewa jirage da kaya da ma'aikata za su iya shigo da ƙwari da ciyayin da za su tsallaka Aldabra, har batun ya shiga yaƙin neman zaɓen 2025. Wato ba mu 'yan kallo daga nesa ne muka ƙirƙiro ƙorafin ba.

Baban Khalifa:

Ni wani gefen nake so a duba, domin akwai mai gadin da ya fi na otal tsanani, shi ne tekun kansa. Mu da yawancinmu iyon da muka iya na kududdufi ne ko na dam, hoto yana yaudararmu. Iska biyu ce take mulkin shekara a can. Daga wajen watan Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso gabas take kaɗawa, sai gaɓar kudu ta haukace. Anse Intendance a Mahe da Grand Anse a La Digue, waɗanda suna cikin mafi kyau a ido, babu shingen murjani a gabansu da zai karya igiyar ruwa, kuma akwai ruwan da yake ja ta ƙasa ya yi waje da mutum ko da tsayinsa bai wuce ƙugu ba. An kafa alluna ana gargaɗi, amma ana ci gaba da rasa rayuka, galibi na baƙin da suka ga ruwa garau suka raina shi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar takan juyo daga arewa maso yamma da ruwan sama, sai ɓangaren Beau Vallon ya ɗauki nasa rabon. Afrilu da Oktoba ne tsakani, lokacin da teku yake kwanciya. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga layin da yake jan.

Mutane sun fi tsoron kifin shak saboda abin da ya faru a Anse Lazio a watan Agustan 2011, inda aka kashe baƙi biyu cikin makonni biyu, amma irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, ruwa mai ja ya fi shi cin mutane nesa ba kusa ba. Haka ma a tudu. Gandun Morne Seychellois ya cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na Mahe, ƙololuwarsa mita 905, kuma hanyoyin ƙafa irin su Copolia da Morne Blanc ba su da tsawo, amma zafi da gumi suna da nauyi, saiwoyi da duwatsu suna santsi bayan ruwa, ga itatuwan kirfa da aka shigo da su don kasuwa suka bazu suka rufe ko'ina har kowace kwana tana kama da 'yar uwarta. A fita da sassafe, a ɗauki ruwa, kada a bar hanya. Abin da nake nufi, Malam Habu, shi ne buɗe hanya kaɗai bai wadatar ba. Bakin tekun da aka buɗe wa kowa yana bukatar masu ceto da alluna da banɗaki da masu kwashe shara, kuma wani ne zai biya su.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Hajiya Rabi, tunda kin taka wurin, ina da tambaya ta mata. Mace mai hijabi da yara ƙanana, akwai inda za ta zauna ta sake ba tare da an zuba mata ido ba, yaran kuma su shiga ruwa hankalinta kwance? Sannan yaya batun salla da abinci?

Hajiya Rabi:

Ƙanwata, babu wanda zai tanka miki, mutanen wurin ba su da shisshigi, kuma sun saba da baƙi daga ƙasashen Larabawa masu shiga ruwa da suturarsu. Abin da za ki shirya masa shi ne naki idon, domin Turawa suna kwanciya a rana kusan tsirara, musamman a wuraren da suka yi suna. Dabarar ita ce sammako. Bayan asuba zuwa hantsi bakin teku na masunta ne da masu motsa jiki, ruwan yana da ɗumi, ranar ba ta fara cizo ba. Don yara ki nemi inda murjani ko tsibiri ya tare igiya: Anse Royale a kudu maso gabashin Mahe, ko Port Launay a yamma, ko Cote d'Or a Praslin inda za ki yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwa ba. Ki sa musu takalman roba saboda akwai wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da take maƙale a duwatsu. Idan ba ki son kowa ya jiƙe, akwai jirage masu gindin gilashi da suke tashi daga Biktoriya zuwa gandun ruwa na Sainte Anne, wanda aka keɓe tun 1973, yara suna zaune suna kallon kifaye a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Amma inda yaranki ba za su manta ba shi ne Curieuse. Tsibiri ne mai jar ƙasa kusa da Praslin, da can wurin killace kutare ne har zuwa 1965, gidan likitan yana nan an mayar da shi wurin tarihi. Kunkuru suna yawo a sake a filin da jirgi yake sauke mutane. Na ga wani ƙato ya taho a hankali wajen wata yarinya da take riƙe da ganye, da mai kula da wurin ya sosa masa wuya sai ya miƙe ƙafafunsa huɗu ya ɗaga jikinsa sama, ya miƙa wuyan ya sandare kamar an dasa shi, bai motsa ba sai da aka daina. An hana hawa bayansu, ki gaya wa yaran tun a jirgi. Daga nan akwai gadar katako da ta ratsa itatuwan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, ƙaguwa suna ta shiga ramuka a ƙasanku.

Jirgin ruwa daga Mahe zuwa Praslin kamar awa ɗaya ne, daga nan zuwa La Digue minti 15, amma a lokacin iskar kudu ki nemi maganin jiri tun kafin ku hau. A La Digue keke ne abin hawa, ana haya, wasu da kujerar yaro a baya. Mafi yawan 'yan ƙasar Kiristoci ne mabiya ɗarikar Katolika, Musulmi kaɗan ne, amma akwai masallacin Juma'a a Biktoriya. Abinci kuwa kifi ne da shinkafa da miyar kwakwa, sai ki riƙa tambaya saboda ana cin naman alade, kuma akwai masu dafa jemage.

Alhaji Mudi:

Ni ɗan kasuwa ne, bari in yi maganar kuɗi. Kafin a buɗe filin jirgin sama na Mahe a 1972, ƙasar nan da busasshiyar kwakwa da kirfa take ci. Yau yawon buɗe ido da kifin tuna su ne ƙafafunta biyu. A 2019 baƙi kimanin 384,000 suka shiga, kusan ninki huɗu na 'yan ƙasa, kuma da annoba ta tsayar da jirage a 2020 kowa ya ga yadda kuɗin ƙasar ya faɗi. Tun da daɗewa suka zaɓi baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da yawa maimakon cincirindo masu kashe kaɗan, shi ya sa a 2015 suka dakatar da ba da izinin sababbin manyan otal-otal, a 2023 kuma suka sa wa baƙi harajin muhalli a kan kowane dare, gwargwadon girman masaukinsu. Ta fuskar lissafi ban ga laifinsu ba, tsibiri ba ya ƙara faɗi, ruwan sha da wurin zubar da shara suna da iyaka. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: wanda yake sayar da kaɗaici dole ne ya rage mutane, kuma mai gadin da Malam Habu yake kuka da shi ba kuskure ba ne a tsarin, shi ne hajar da ake sayarwa.

Sannan akwai ƙofar da ta riga duk waɗannan. Ƙasar ba ta neman biza a wajen yawancin baƙi, amma sai ka cike takardar izinin tafiya ta intanet an amince kafin ka hau jirgi, kuma a 2023 hukumominta sun tsaurara wa masu fasfon Najeriya da suke zuwa hutu, suna kafa hujja da safarar ƙwaya da damfara da wasu suka yi. Duk mai koren fasfo ya tabbatar izininsa ya fito kafin ya biya tikiti da otal.

Dakta Zainab:

Alhaji ya taɓo inda nake so in ƙarasa. Muna jayayya a kan wa zai shiga rairayin, alhali rairayin kansa yana raguwa. A 1998 ruwan teku ya yi zafin da ya kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na murjanin da ke kewaye da tsibiran tsakiya, ya fara farfaɗowa, sai aka sake yin wani zafin a 2016. Murjani mai rai shi ne yake karya ƙarfin igiya kafin ta iso gaɓa, kuma daga ɓarɓashinsa ne wani ɓangare na farin yashin yake samuwa. Idan ya mutu ya ruguje, igiya takan iso da ƙarfinta ta ci gaɓa, sai mai gini ya jibge duwatsu don ya kare katangarsa, duwatsun kuma su tura zaizayar zuwa filin maƙwabci. A wurare da dama a Mahe da Praslin titi da gidaje suna dab da ruwa, domin bayan 'yar siririyar gaɓar sai dutse.

Gwamnati ta yi wani abin da ya ja hankalin duniya a 2016: an sake tsara bashin da ya kai dala miliyan 21.6 tare da ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy, bisa sharaɗin a kare kashi 30 cikin ɗari na tekun ƙasar, kuma a watan Maris na 2020 aka cika alƙawarin, murabba'in kilomita 410,000. Rabin wannan yanki an tsaurara shi sosai, ɗaya rabin ana kamun kifi bisa sharuɗɗa. Duk da haka iyaka a taswira ba ta hana zafin ruwa, ba ta kuma hana sharar wasu ƙasashe. A 2019 matasan Seshel da ɗaliban jami'ar Oxford sun kwashe tan 25 na shara daga Aldabra, wurin da babu gari, mafi yawanta ragar jiragen kamun kifi da silifas da igiyar ruwa ta kwaso daga nesa, kuma abin da suka bari ya ninka abin da suka ɗauka sau da yawa.

Injiniya Bala:

Duk wannan gaskiya ne Dakta, kuma yana ƙara wa maganata ƙarfi ne. Idan yashi yana raguwa, to ɗan abin da ya rage ya fi bukatar doka mai haƙora, domin mai ƙarfi ne zai riga kowa zama a kai. Na san za a kawo mini labarin Brendon Grimshaw, ɗan jaridar Ingila da ya sayi ƙaramin tsibirin Moyenne a 1962 a kan fam 8,000, ya dasa dubban itatuwa tare da abokin aikinsa René Lafortune, ya ƙi sayarwa duk da maƙudan kuɗin da aka yi masa tayi, har wurin ya zama gandun ƙasa kafin rasuwarsa a 2012. Madalla da shi. Amma jama'a ba za su zauna suna addu'ar kowane mai fili ya zama Grimshaw ba.

Hajiya Rabi:

Don a cika bayani, Injiniya, wuraren biyu da aka fi ambata suna da wata hanyar. Anse Georgette ana iya zuwa da jirgin ruwa, ko a bi hanyar ƙafa ta kan tudu daga Anse Lazio, kuma babu mai hana ka zama idan ka iso. Anse Source d'Argent ma idan ruwa ya janye akwai masu bi ta gefen teku suna taka ruwa har su wuce gandun.

Injiniya Bala:

Na san da su Hajiya. Hanyar tudun nan ta fi awa ɗaya ana hawa da gangara cikin rana, wani wurin sai ka kama saiwa da hannu, ta gefen tekun kuma sai ka san lokacin janyewar ruwa kuma ka yarda ka jiƙe har cinya a kan duwatsu masu kaifi. Saurayi mai jaka a baya zai iya. Tsohuwar da aka haifa a Praslin, wadda mahaifinta ya yi kamun kifi a wannan gaɓar tun kafin a zana filin golf, ko Maman Ilham da goyo da yaro a hannu, ta wace za su bi a cikin biyun?